Farar Ƙasa a Katangar Gulbi

Da Inno ta gaya mata sharaɗin da Baffa Malami ya gindaya, Dije tana tsaye a bakin randa da moɗa a hannu. Ta shanye ruwanta, ta kife moɗar a kan murfi, ta ce, "To."

Inno ta zuba wa 'yar tata ido tana jiran sauran magana.

"To kaɗai? Dije, kin ko ji abin da nic ce? Baffanki ya kira yaron ga Yari har zaure. Ya ce in shina son ki da gaske, shi tafi shi shafe duk wani abu mai rai da yaz zana ga katangar gulbi, mutum ko dabba ko kifi. Da hannu nai za shi shafe, shi kuma yi alkawali ba shi ƙara zana mai rai. In ya yi, a ɗaura maku aure. In bai yi ba, kada a koma kawo mai zancen."

"Na ji, Inno."

"To mi kig gani?"

"Ba ni anka ba sharaɗi ba. Shi anka ba."

Inno ta zauna a kan turmi, ta ja bakin zane ta rufe fuska. Kukanta ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai ke rawa.

"Na gaji, Dije. Wallahi na gaji. Ubanki ya tafi da ɓacin ran zancen ga, yanzu ga ƙane nai ya ɗauka. Ga Alu, ɗan yayana, ɗan uwanki na jini. Tun daga Aliero yaka zuwa, bai taɓa ɗaga maki murya ba, bai taɓa gajiya ba. Mi ar ga mai fenti wanda babu ga Alu? Ki faɗa mani in sani, ko raina ya kwanta."

Dije ta tsaya tana kallon mahaifiyarta. Ta san ya kamata ta durƙusa ta riƙe mata hannu. Ta san a da, kafin Inno ta zubar da hawaye ɗaya ita ta zubar da goma. Ta duba cikin ƙirjinta ko za ta sami wani abu da zai motsa. Babu komai a wurin.

"Zan makara makaranta, Inno," ta ce, ta ɗauki gyalenta.

Dije ba yarinya ba ce. Ta gama kwalejin horon malamai, tana koyarwa a firamaren unguwarsu ta Jega Magaji. Yari kuwa ɗan masunta ne, wanda ya bar taru ya kama zanen jikin manyan motoci a tasha. Lokacin da aka dasa lambun shaƙatawa a bakin Gulbin Zamfara, aka ja doguwar katanga don tare zaizayar gaɓa, shi aka ba aikin ƙawata ta. Ya cika ta da mutanen garin kansu, kowa da sana'arsa. Ranar da manya suka zo daga hedikwatar jiha buɗe lambun, Dije ta kai 'yan ajinta kallo. A nan suka fara magana.

Mahaifinta, Malam Altine, ya ce ba zai ba mai zana mutane 'yarsa ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, yana nan a kan bakansa. Dije ta yi kuka har idanunta suka canza launi. Ta yi roƙo, ta tura manya, ta daina cin abinci, ta dawo ta ci. Sai a daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mako ya zagayo aka fita da shi.

Tun ranar kukan ya ɗauke mata, kamar an rufe famfo. Tana salla, tana zuwa aiki, tana amsa gaisuwa. Tuwo da fura duk ɗanɗanonsu ɗaya a bakinta. Yari ya zo ta'aziyya ta gaishe shi. Alu ya zo ta'aziyya ta gaishe shi. Mutane suna yaba haƙurinta.

*

Bayan 'yan kwanaki, da aka tashi makaranta, Malama Lucy ta tare ta a bakin ƙofar aji. Mutuniyar Zuru ce, ta girmi Dije, kuma mijinta Philemon shi ne ma'aikacin da ke kula da lambun bakin gulbi. Shi ya nemo Yari ya ba shi katangar tun farko.

"Malama Dije, yau ta bakin gulbi za mu bi."

"Hanyar ta yi nisa, Maman Simon."

"Ko ta kai Maiyama sai mun bi. Yari ya fara, Dije. Tun shekaranjiya yake shafewa."

Dije ta gyara littattafan da ke hannunta. "To, mu tafi."

Suna tafe Lucy tana magana, muryarta na hawa na sauka. Ta ce Yari ya je ofis neman izini, mijinta Baban Simon ya hana shi, ya ce katangar ta jama'a ce, ba tasa ba ce. Ta ce duk da haka Yari ya sayo farar ƙasa ya kama aiki. Ta ce Baban Simon ya je ya same shi, ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ɗauke bokitin, Yari ya je ya sayo wani.

"Baban Simon yana da ikon sa a kama shi, amma ya ce ba zai iya ba. Yanzu shi za a tambaya daga sama. Ko abinci bai ci ba jiya. Kin san yadda ya sha wahala kafin a yarda a yi zanen nan?"

"Ki ba shi haƙuri."

Lucy ta tsaya ta dube ta. "Shi ke nan abin da za ki ce?"

Dije ta ci gaba da tafiya.

Kusa da gada, inda direbobi kan gangara da motoci su wanke, babbar motar Alu tana tsaye, warin albasa na tashi daga bayanta. Alu na ganinsu ya ajiye tsumma, ya goge hannu a riga, ya hauro. Kakkauran mutum ne mai sanyin magana. Ya gaida Lucy da ladabi, sannan ya juyo.

"Dije, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya Alu. Ya hanya?"

"Da godiya." Ya dubi ƙasa. "Ina so ki san abu guda. Ba ni nis sa Baffa ya yi wanga sharaɗi ba. Ban ko san da shi ba sai da nij ji ga tasha. Ina son ki, kin sani, kowa ya sani. Amma ban ji daɗin abin ga ba."

Ya nuna bayan motarsa, inda wani zaki ke kwance a gindin giginya, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.

"Shi yaz zana mani wanga. Har Ikko mutane na tsayawa kallo. Jiya na je na ce mai shi bari, yac ce in tafi in ba shi wuri. Ni dai ba ni son a ce na same ki don an karya wani."

"Na gode, Yaya Alu."

Ya jira ko za ta ƙara. Da ya ga ba ta da niyya, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma wurin motarsa.

A ƙofar lambun, jirgin ruwan siminti da aka yi don ado yana nan yadda yake, da ƙaton tulun da aka gina kusa da shi. Su ba su da rai, ba wanda ya taɓa su. Suka shiga ƙarƙashin inuwar dogon yaro. Hanyar ta miƙe tsakanin ruwa da katanga, an shimfiɗa mata tsakuwa, ga bencina nan da can, ga 'yan itatuwan mangwaro da gwaiba da aka kewaye da ƙaya saboda awaki. Gulbin ya cika, yana tafiya a hankali, launin kunun kanwa.

Dije ta ɗaga kai ta dubi katangar.

Fari fat.

A nan farko akwai manoman albasa, sun duƙa a fadama, ɗaya ya miƙe yana riƙe da ƙugu. Yanzu babu su. Farar ƙasar ba ta yi kauri ba a wasu wurare, in ka matsa kusa za ka hango inuwar malafa a ƙarƙashi. Yari ya bar gajimare da giginyoyi a sama. Sai suka zama kamar suna tsaye a kan hazo.

"Wayyo Allah," in ji Lucy, ta dafe ƙirji. "Nan fa matan nan suke, masu tallan nono. Kin tuna wadda ta waiwayo tana dariya?"

"Na tuna."

Suka ci gaba. Wurin mahauta da rumfarsu, fari. Wurin 'yan kokawa, fari. Wurin raƙuman da ke shigowa kasuwa, sai igiya kaɗai ta rage tana reto a iska, ba ta ɗaure da komai ba. A wani gefe ya shafe direba ya bar motar, ƙofarta a buɗe.

Dije tana kallo kamar yadda take duba allon aji bayan an goge. Ta lura an yi aikin da tsabta, ba a ɓata bencina ba. Ta lura takalminta na dama ya fara cin ta a dunduniya. Ta lura mai gyaɗa ta canza wurin zama.

A gindin wani mangwaro wani tsoho yana zaune a benci, ya jingina sandarsa, ya kafa wa katangar ido. Da suka gaishe shi ya nuna farin da yatsa.

"Nan nike, ɗiyata. Nan, ina jefa birgi cikin gulbi ina kamun kifi. Jikokina in sun zo daga Karaye nan nika kawo su, in ce ga kakanku da ƙarfi nai. Yau na zo na iske ba ni." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "An ce wai saboda wata malamar makaranta. Allah shi sa ta cancanta."

Lucy ta buɗe baki, Dije ta riga ta.

"Amin, Baba."

Da suka wuce, Lucy ta kama hannunta ta matse. Hawaye ne ke zuba a fuskarta.

"Ke wace irin mutum ce yau? Ni da ba ni aka yi wa ba ina kuka. Dije, ki yi fushi mana. Ki zage shi, ko ki zagi Baffanki, ko ni ki zage ni. Ki yi wani abu."

"Ina so, Maman Simon. Ba ya zuwa."

*

A can ƙarshen lambun, inda katangar ta lanƙwasa ta gangara mashaya, suka same shi.

Yari yana tsaye da burushi a hannu, bokiti a gabansa. Ya rame. Farar ƙasa ta bushe masa har gwiwar hannu, ta ɗiga a gashinsa da girarsa, ta mai da shi kamar tsoho. Lucy ta saki hannun Dije, ta koma benci na nesa ta zauna.

Zane ɗaya ne ya rage a duk katangar.

Wata mata ce zaune a kan kujera 'yar tsuguno, gabanta kasko, tana juya kifi da tsinke. Ɗankwalinta shuɗi ya zame baya kaɗan. Tana da wushirya, da tsage a kumatu, ta ɗago ido kamar an kira sunanta.

Dije ta san ta, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba. Gudiya ce, mahaifiyar Yari, wadda ta yi rayuwarta tana suyar kifi a wannan mashayar. Ta rasu yana saurayi, ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Daga ka ya zana ta. Ƙanwarsa Hussaina, wadda aka bari tana goye, a nan ta fara ganin fuskar uwarta, kuma duk ranar kasuwa in ta shigo daga Maiyama sai ta zo ta tsaya a wurin.

"Sannu da aiki," in ji Dije.

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja.

"Kin zo."

"An kawo ni."

"Tun hantsi nike nan, Dije. In tsoma, in ɗaga, hannu shi ƙiya. Sauran duk na yi su ban tsaya ba. Na rufe ido na yi. Wagga ta gagare ni." Ya dubi burushin. "Baffa ya ce shina zuwa bayan la'asar shi duba da ido nai. Ki ce wani abu. In kin ce in shafe, yanzu in shafe."

"Ba ni da abin cewa."

"Kina da shi. Don ke nika yi. Na tambayi malamai, wani shi ce haka, wani shi ce haka, ni ban san wa ad da gaskiya ba. Na ɓata da Malam Philemon, mutumin da yaɗ ɗauke ni daga tasha. Mutanen gari na wucewa suna tofar da yawu. Ba ni damuwa. In na tuna ranar da za a ce an ɗaura, duk sai in ji ba komi ba na. Ki dai ce mani kina nan inda nib bar ki."

Dije ta dubi fuskarsa. Ta san kowane layi a cikinta. Ta tuna akwai lokacin da in ta hango shi daga nesa sai murna ta cika ta. Ta tuna da abin sarai, yadda mutum kan tuna labarin da aka ba shi game da wata.

"Ba ni son in yi maka ƙarya," ta ce.

"To kada ki yi."

"Ba ni jin komi."

Ya tsaya kamar bai fahimta ba.

"Tun ranar da anka fita da Baba nike jiran in ji wani abu. Da kai, da Yaya Alu, da abinci, da kukan Inno, duk ɗaya na gare ni. Na biyo katangar ga tun daga ƙofa, ina cewa yanzu zan ji, yanzu zan ji. Har nik kawo nan. Ba ƙin ka nike ba. Amma in nic ce ina son ka yau, ban san da wane wuri zan faɗa ba."

Burushin ya sauka a hankali har ya taɓa ƙasa.

"Sai yau?" Muryarsa ta dushe. "Sai yau za ki faɗa mani, Dije? Bayan na shafe garin ga duka?"

"Ba ka tambaye ni ba kafin ka fara."

Ya juya mata baya, ya dafa farar katangar da tafin hannu, ya sunkuyar da kai. Tana ganin bayansa na girgiza. Ta ji tausayinsa a kanta, yadda ake sanin amsar lissafi, amma bai sauko ƙirjinta ba.

Da ya juyo, hawaye sun yi hanya biyu a cikin farar ƙasar da ke fuskarsa.

"Ciwon rashi na," ya ce da sauri, kamar mai lallashin kansa. "Na san shi. Ni ma da Inna ta rasu haka niy yi, na daɗe ban san ɗaci ban san zaƙi ba. Shina wucewa. Wallahi shina wucewa. A ɗaura kawai, Dije. Ba ni neman ki so ni yau. Ki zauna ɗakina ki yi shirunki, in jira. Na iya jira, kin sani."

"In bai wuce ba fa?"

"In ci gaba da jira."

"Kai ba ka gajiya?"

"Na gaji. Amma ba ni da wani wurin zuwa."

Wani jirgi ya wuce a tsakiyar ruwa, mai tuƙin ya ɗaga masu hannu, ba wanda ya mayar. Daga cikin gari aka kira la'asar. Yari ya gangara mashaya ya yi alwala, ya yi salla a kan yashi. Dije ta zauna a bakin benci kusa da Lucy, ta cire takalmin da ke cin ta, ta duba dunduniyar, ta mayar.

"Mu tafi gida?" in ji Lucy a hankali.

"Bari mu gani."

Ba a daɗe ba suka hango Baffa Malami. Dogo ne, siriri, da farar riga da lema a hannu. Shi kaɗai yake tafe, ba ya sauri. Yana bin katangar da ido, wani wurin ya tsaya ya matsa kusa, sannan ya wuce. Mutanen da ke zaune a bencina suka fara tasowa suna biyo shi daga nesa.

Da ya iso ya ga Dije, ya ɗan ɗaure fuska. Ta durƙusa ta gaishe shi. Yari ma ya durƙusa.

"Tashi, yaro. Na gani. Ka yi ƙoƙari, ban zaci kana iyawa ba." Ya nuna matar mai kasko da bakin lema. "Saura wagga."

"Baffa, mahaifiyata ta."

Baffa Malami ya sauke lemar. Ya dubi zanen, ya kawar da kai.

"Na san ta. Na sha sayen kifi gare ta. Allah shi jiƙanta, shi yi mata rahama." Ya sassauta murya. "Ba mugunta nika yi maka ba, Yari. Ni ma tawa uwar ta rasu, ba ni da hotonta, kuma ban manta ta ba ko rana ɗaya. Addu'a taka buƙata gare ka. Ban ce ka bar sana'a ba. Zana itace, zana fure, yi rubutu, ka ci abincinka. Amma yayana ya tafi shina gudun abin ga ga ɗiya tai, ni kuma amana tai ag gare ni. Na ce duka. Ba ni iya cewa duka gaban mutane, in dawo in ce ban da ɗaya."

"Na ji, Baffa."

"To bisimilla."

Yari ya sunkuya ya ɗauki burushin. Ya tsoma shi a bokiti har ya nutse, ya ɗago shi yana zuba. Bai dubi Dije ba. Ya rufe ido, ya ɗaga hannu.

Dije ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ba ta yanke shawara ba, ba ta ji zuciyarta ta buga ba. Ta dai ga ƙafafunta suna tafiya a kan tsakuwa, sai ga ta tsaye tsakaninsa da katangar, bayanta na jingine da zanen. Farar ƙasa ta ɗigo daga burushin ta sauka a kafaɗar gyalenta.

Ya buɗe ido.

"Matsa, Dije."

"A'a."

"Don Allah ki matsa. Abu kaɗan ya rage. Shafa biyu, an gama."

"A'a."

"Dije!" in ji Baffa Malami. "Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani, Baffa." Muryarta a daidai take, irin wadda take kiran sunayen 'yan aji da ita. "Ka gafarce ni. In ya shafe ta saboda ni, kullum yad dube ni ita za shi tuna. Ni kuma ba ni da abin da zan ba shi madadinta. Ko kaɗan ba ni da shi. Ga kuma ƙanwa tai, ba ta da wata uwa sai wagga."

"Ni na yarda!" Yari ya ɗaga murya, har mutanen da ke nesa suka matso. "Uwata ta, ni na yarda! Ina ruwanki? Kin ce ba ki jin komi, to ki bar ni in yi abin da nika ji!"

Ba ta motsa ba.

Baffa Malami ya dogara lemarsa a ƙasa. Fuskarsa ba fushi a cikinta, gajiya ce.

"Ki saurare ni, ɗiyata. Ban tilasta ki ga Alu ba, ba ni kuma tilasta ki ga kowa. Ke ba yarinya ba ta. Amma ina tsaye nan. In kin matsa yanzu ya ƙarasa, gobe in tara mutane. In na juya baya ba ki matsa ba, zancen Yari ya mutu gidanmu, kuma ke kik kashe shi da kanki. Kada ki zo ki ce Baffa."

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a jikin jiragen da ke ɗaure. Lucy ta miƙe tsaye, hannunta a baki. Yari yana kallon Dije, leɓɓansa na motsi ba sauti.

Ta dubi Baffanta, ta dubi tsakuwar da ke gabanta. Taku ɗaya ne zuwa gefe. Ta san haka. Ta tsaya.

Baffa Malami ya jira har ya ga jiran ba shi da amfani. Ya gyaɗa kai, ya buɗe lemarsa, ya juya. Mutane suka dare suka ba shi hanya.

Yari ya bi shi da ido har ya ɓace a cikin itatuwa. Sannan ya waiwaya ya dubi katangar, tun daga inda suke har iyakar ganinsa, fara tas ƙarƙashin rassan dogon yaro. Ya ajiye burushin a cikin bokiti a hankali, kamar mai gudun ya tashi wani daga barci.

"Kin bar mani matacciya," ya ce, yana duban zanen uwarsa. "Na gode."

Ya gangara mashaya. Bai tsaya wanke hannu ba. Ya kwance ɗaya daga cikin jiragen danginsa, ya tura shi, ya haye, ya ɗauki filafili ya fara tuƙi.

Lucy ta rugo ta kama kafaɗun Dije tana jijjiga ta.

"Kira shi! Dije, tafiya zai yi, kira shi! Ki gaya masa don shi kika yi!"

Dije ta buɗe baki. Ta ga jirgin ya rabu da gaɓa, ya juya hanci, ruwa ya ɗauke shi. Ta ga fararen hannuwansa suna tashi suna sauka.

"Yari," ta ce.

Ko Lucy da ke riƙe da ita da ƙyar ta ji. Jirgin ya riga ya kai tsakiyar gulbi.